Fuska Biyu a Wayar Waisale

Mildura, watan Yuni

Zuwa ga Yaya Litia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Gwaggo Merewalesi. Ya ƙafar tata?

Ki yi haƙuri da shiruna, wayata ce ta ƙi ni. Tsinkar lemu ta cinye zanen yatsuna, in na ɗora babban yatsa sai ta yi kamar ba ta san ni ba. Apisai ɗan Gwaggo ne ya cece ni. Ya ce, "Ɗan ƙauye, wa ke amfani da yatsa yanzu? Yatsa ko kana barci a danna. Fuska kuwa sai kai, sai ka buɗe ido." Ya saita min, ya ɗan juya ta a hannunsa ya ce yana gyara wani abu. Yanzu kallo ɗaya take buɗewa.

Albishir: wani kocin zari-ruga ya ga wasanmu na Asabar, ya karɓi lambata. Gurbi ɗaya gare shi a ƙungiyarsa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Waisale

Mildura, watan Agusta

Yaya Litia,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni jikina ƙalau, zuciyar ce dai.

Kocin bai kira ba, har na cire rai. Ran Lahadi muka yi kiciɓis a ƙofar coci, ya ce ya ji takaicin ciwon gwiwata. Na ce wane ciwo? Ya nuna min saƙo daga lambata: wai gwiwata ta lalace, amma ina da ɗan'uwa da ya fi ni gudu, a gwada shi. A wayata babu saƙon, an goge.

Na yi ta cewa a raina ba zai yiwu a ce Apisai ne ba. Da muka zauna cin rogo da kifi, na miƙa wa Apisai wayar a kulle, na ce ya duba min ƙarfe nawa. Yana kallonta ta buɗe, a gaban kowa. Ashe ranar da ya saita min, ya ƙara tasa fuskar. Kullum in na shiga wanka a kan gado nake barinta.

Ko kunya bai ji ba, Yaya. Cewa ya yi, "Kai ƙarami ne, za ka samu wata damar. Ni shekaruna sun ja." Yaron da muka kwana tabarma ɗaya! Da ya roƙe ni, wataƙila da na bar masa.

Na koma lambobin sirri, na kuma canja ɗaki. Kocin ya ɗauki Apisai, Asabar zai fara buga wasa.

Jiya Gwaggo ta kira tana kukan murna. Ta ce Apisai ya gaya mata ni na haɗa shi da kocin, ta yi ta sa min albarka. Na buɗe baki, sai na tuna ita ta goya mu bayan rasuwar Mama. Na ce mata ba komai, Gwaggo.

Ke ma kada ki faɗa mata.

Ƙaninki,
Waisale