Jan Gidan Sarakunan Garnada da Zauren Baba

Zuwa ga Yayana Danda, a Bawdeta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah Ya ba Iya sauƙin gwiwarta, Ya sa albarka a hatsin da kuka girbe. Ni ma lafiya lau, muna nan muna tsinkar zaitun, sanyin Sipaniya ne kawai bai san baƙo ba.

Yaya, ranar hutunmu abokin aikina Yasin, mutumin Maroko, ya kai ni wani tsohon gidan sarauta bisa tudun Garnada, ana ce mashi Alhamra. Ya ce sarakunan Musulmi suka gina shi tun zamanin da suke mulkin ƙasar. Daga waje jan bango ne kawai, har na ce a raina tafiyar banza muka yi. Ina shiga na ga abin al'ajabi. Babu inda za ka ɗora tafin hannu a bangon ba ka taɓa zane ba: ganye, taurari, layuka suna shiga juna, ka bi su da ido har ka ɓata. Rufin wani ɗaki kamar saƙar zuma aka kife bisa kanka. A tsakar gida ga zakuna na dutse ɗauke da kwatarniya, ruwa na fita daga bakinsu yana bin ƴan hanyoyi har cikin ɗakuna. Ko'ina kuma an sassaƙa "Babu mai rinjaye sai Allah" da Larabci. Da ɗan karatun allona na karanta shi, Turawa na ta ɗaukar hoto, ni kuwa ina share hawaye.

A wani lungu na ga wata Baturiya durƙushe tana cike tsagewar bango da ɗan ƙarfe kamar cokali, a hankali, kamar mai ba jariri kunu. Yasin ya ce aikinta ke nan kullum, ya kuma ce ganuwar ma yawancinta jar ƙasa ce aka daddaɓe. Nan zauren Baba ya faɗo mani a rai.

Iya ta gaya mani a waya cewa damina ta tsaga shi, kana shirin rushewa ka sa bulo da kwano. Na san nauyin gidan a wuyanka yake, kuma kai ke ganin tsagewar kullum, ba ni ba. Amma zanen da ke goshin zauren nan da yatsunsa Baba ya yi shi, ba mu da wani abu nasa da ya rage a tsaye. Don Allah ka tokare shi da itace, ka dakata mani. Da an gama zaitun zan zo, a nemo Gado magini, ni zan kwaɓa ƙasar da ƙafata. In ya duba ya ce ba ya gyaruwa, to, a rushe ina wurin.

Ka gaishe da Iya, da matarka Zara'u, da Kawu Bube, da su Kausar. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai jiran amsarka,
Zubairu