Kabarin Gindin Aduwa

Birnin Kebbi, 2 ga Disamba, 1991

Zuwa ga Gwaggo Riskuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Tunda mun samu jiharmu, za a karrama tsofaffin sojojin yaƙin Bama da ke kwance a maƙabartun ƙauye, kuma na sa sunan Baba, Saje Maliki. Matsalar ita ce kaburburan ƙauyenmu Tungar Baure ba alama, ni ba na gari ranar jana'izarsa, waɗanda suka kai shi kuma duk sun rasu. An ce ke kin ga wurin daga gonarki ta albasa. Ki taimaka ki nuna mana kabarin wanki.

Ɗanki, Kalilu

Argungu, 11 ga Disamba

Kalilu,

Ina amsawa. Shekara goma sha ɗaya ba ka taka ƙohwata ba, sai yau da kake biɗar kabari. To, na gani ta bayan darni. Ku tahi gindin aduwa, wajen gabas, inda bakin tulu ya leƙo daga ƙasa. Soja na nan kwance.

Ka gaida iyali. Riskuwa

Birnin Kebbi, 17 ga Janairu, 1992

Gwaggo,

Gaisuwa da godiya. An yi taro lafiya. An share wurin, an kafa allo, sojoji shida suka sara, liman ya yi addu'a. Ni da ban yi kuka ranar rasuwarsa ba, sai ga ni ina share hawaye gaban manya. Allah ya saka miki.

Kalilu

Argungu, 25 ga Janairu

Kalilu,

Bayan gaisuwa, kabarin mijina Hodi kuka sara wa. Tuluna ne, ni na bada shi aka sa.

Tare suka tahi Bama. Da aka harbi ubanka a cinya, Hodi ya goya shi kwana biyu cikin daji, Maliki na kuka yana kiran innarmu. Kunyar wannan kukan ta sa da suka dawo ya shaida wa gari cewa Hodi gudu ya yi. Har Hodi ya mutu yara na kiran shi Gudau, ni kuma matar Gudau. Na roƙi Maliki ya gyara maganar tun yana da numfashi, ya ce in bar tone-tone. Ban yafe ba, kuma ban ji nauyin abin da na yi ba. Ban yi maka ƙarya ba, soja na ce maka, ban ce Maliki ba.

Riskuwa

Birnin Kebbi, 1 ga Fabrairu

Gwaggo,

Na gaishe ki. Na kasa cin abinci. Zan sa a gyara allon da sunan Baba Hodi, in faɗi dalili a masallacin Tunga da bakina. Don Allah, ina nawa uban yake?

Kalilu

Argungu, 9 ga Fabrairu

Kalilu,

Ka hwara zuwa masallacin kahin in nuna maka. Ranar Juma'a, da lasifika. Ni shekara arba'in da shida na jira.

Gwaggonka, matar Hodi