Ban Gaya Wa Babana Cewa A Kan Ɓeraye Aka Gwada Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Matamaye. Babana tela ne, ya daɗe da ciwon suga, kullum ƙwaya, kullum kar ka ci wannan, kar ka sha wancan, har mutumin da ke tsokanar kowa a bakin shago ya koma shiru-shiru. Kwanakin baya ina duba waya na ci karo da wani rubutu na Faransanci, wai masu bincike sun ba ɓeraye garin wasu ƙananan 'ya'yan itace na ƙasar waje, suna duba yadda yake taɓa sugan jininsu da ƙananan halittun da ke zaune a hanjinsu. Ni da bakina ba ya iya shiru, na ce, "Baba, ka ji abin da aka gano." Na shiga fassara masa. Da na iso kan kalmar ɓeraye sai na tsallake ta. Me ya kai ni? Tuwo yake ci, kuma na san halinsa, cewa zai yi, "Au, ni kika haɗa da ɓera?" Sai kawai na ce an gwada, an ga sugan ya sauka. Sunan 'ya'yan itacen kuwa ban san shi da Hausa ba, sai na kwatanta masa su. Ya ce, "Kamar magarya?" Na ce, "E, kamarta." Wallahi ban san ko sun haɗa dangi ba, girman kai ne ya hana ni cewa ban sani ba.

Na ɗauka hira ce ta wuce, ashe ya sa Inna ta daka masa magarya, yana dama garin safe da yamma. Ban ankara ba sai ran da nake share ɗakinsa na ga ƙwayoyinsa a kwali, ko ɓalle su bai yi ba. Na ce, "Baba, maganin fa?" Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce, "Wanda ɗiyata ta karanto mini ya fi. Ba a banza na sa ki lakwal ba." Ku gaya mini, da wane baki zan ce masa ɓeraye ne? Duk wanda ya zauna a bencin shagonsa, har masu zuwa daga Dawce ran kasuwa, ya sha labarin ɗiyar nan tasa mai ilimi.

Yanzu tsoro nake ji. Ya rame har ya rage wandunansa da kansa, ya ce ciwon ne yake fita. Ruwa yake sha kamar wanda ya wuni a gona, yana ta zaryar makewayi. Inna ta ja ni gefe ta ce ta ga kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari, ta kafe ni da ido ta ce, "Ke, kin tabbata da abin nan?" Na ce mata e. Wace irin ɗiya ce ni? Na roƙi Baba mu je likita a auna shi, ya ce shi da likita sun rabu lafiya.

Yau da hantsi na leƙa shagon, na same shi riƙe da allura, yana kai zare yana wucewa gefe, ya sake kaiwa ya wuce. Ya ji motsina ya ɗago ya ce, "Wace ce?" Ina tsaye gabansa fa. Da na yi magana sai ya yi murmushi ya ce, "Yauwa, gara da kika zo. Idon nan dishi-dishi yake yi mini. Duba wayarki ki gani, ko cokali biyu ya yi kaɗan ne, in ƙara."

Na ce masa to, na fito ina kuka. In na faɗi gaskiya na san zuciyarsa, kunyar mutane za ta iya sa ya ƙi ni ya ƙi maganin gaba ɗaya. In na yi shiru, ina kallo yake tafiya. Da la'asar zai tambaye ni abin da wayar ta ce. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?