Na Yi Yaƙi An Ba Da Hutun Zaɓe, Yayana Ya Sa Taron Dangi A Ranar

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in sake faɗin maganar da ba ta gyaruwa. Na riga na faɗi ɗaya.

Shekarata arba'in da tara. Ashirin da biyu daga ciki na yi su ne a kamfanin ɗinka kayan makaranta, inda nake duba aiki kafin a ninke shi. Riga ta zo gabana in juya cikinta, in ja hammata, in taɓa kowane maɓalli. Ba a taɓa dawo da kayan da na sa wa hannu ba.

Zaɓen da ya gabata ya faɗo ranar aiki. Manajanmu ya ba mu awa biyu, yana faɗa kamar wanda ya yi mana kyautar gida. Na tsaya a layi a harabar wata makarantar firamare, rana na dukan ƙeyata, saura mutum tara a gabana lokacin ya cika. Da ƙafata na fita daga layin nan, Anti. Na koma na zauna ina duba wanduna, katin zaɓena yana cikin jaka. Mu mata ɗari da sittin ne a zauren ɗinkin. Washegari na bi su keke bayan keke ina tambaya, goma sha huɗu kaɗai suka samu jefa ƙuri'a. Ni da na karanta irin wuyar da mata suka sha a ƙasashe da dama kafin a miƙa musu 'yar takardar nan, na ce ba zan bar maganar nan ta wuce ba.

Daga nan na fara rubutu. Na rubuta wa ƙungiyar ma'aikata, na rubuta wa jaridu, na rubuta wa ɗan majalisarmu sau bakwai, har sakatarensa ya riƙa gane rubutuna tun daga ambulan. Da hutun rana in bi masu gasa burodi da masu gadi da 'yan matan da ke jiran shago ina karɓar sa hannu. An ce na haukace, an ce kujera nake nema, manaja ya mayar da teburina bakin banɗaki. Ba ni kaɗai na yi ba, muna da yawa, amma da aka kira mu gaban kwamitin majalisa ni aka tura na yi magana. Bana aka sa hannu a kan dokar: ranar zaɓe hutu ce ga kowa. Da labarin ya iso, matan zaurenmu suka kashe kekuna suka miƙe tsaye suna tafa mini. Ba zan yi miki tawali'un ƙarya ba. In ban da ranar da na haifi 'yata, ban taɓa jin na cika mutum kamar ranar ba.

To ga abin da ya kawo ni. Idon Innarmu yana tafiya. Na hagu ya rufe, likita ya ce na dama ma ba zai daɗe ba. Ta ce tana so ta ga 'ya'yanta bakwai da jikoki a ɗaki ɗaya tun tana bambance fuska. Haɗa mu aiki ne, don ƙanena aski yake yi, ƙanwata tana da shago a kasuwa, Asabar da Lahadi su ne ranakun cinikinsu. Sai Yaya, babbanmu, wanda Inna ke zaune a gidansa, ya duba kalanda ya ga jan rubutu a kan ranar zaɓe, ya yi murna ya samu ranar da kowa ke gida. Ya sa taron da hantsi, domin da hasken safe Inna ta fi gani. Gidansa tafiyar awa shida ne daga inda mu biyar muka yi rajista. Ma'ana mu kwana can, kada ɗayanmu ya yi zaɓe. Shi kuwa rumfar zaɓensa tana bayan gidansa, zai jefa tasa ya dawo kafin shayi ya huce.

Nan take na ɗauki waya. A zauren danginmu na waya, inda 'ya'yansa da surukansa suke, na rubuta cewa mutumin da bai taɓa roƙon manaja izinin fita ba ya ɗauki gumin matan da ko gaishe su bai taɓa yi ba ya shimfiɗa tabarmar hira a kai. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa in idon Inna ne ke tafiya, nasa ya daɗe da tafiya. An karanta wa Inna. Kwana goma ke nan Yaya ba ya ɗaukar wayata.

Saura mako uku. In na tafi, da wace fuska zan shiga zauren ɗinki? In na ƙi, wataƙila Inna ba za ta sake ganin fuskata ba. Kada ki ce mini in yi haƙuri kawai, na ƙoshi da wannan kalmar.

Taki,
Mai Duba Ɗinki

*

'Yar'uwata Mai Duba Ɗinki,

Da farko, barka da aiki. Abin da kuka yi babba ne, kuma alfaharinki halal ne, kada kowa ya sa ki rage shi.

Kina da gaskiya a kan ranar. Hutun nan an ba da shi ne don a yi zaɓe, kuma ɗauke mutum biyar da manyan 'ya'yansu daga rumfunansu kuskure ne. Sai dai ban ga mugunta a wurin yayanki ba. Mutum ne da ke kallon idon mahaifiyarsa yana dusashewa kullum a gabansa, ya yi ta neman rana ya rasa, ya ga wannan ya rarume ta. Bai tsaya a layin da kika tsaya ba, ke kuma ba ke kike ɗiga wa Inna magani a ido safe da yamma ba.

Maganarki ta biyu ba ta da kariya, ke ma kin sani. Kin ɗauki ciwon Inna kin jefi yayanki da shi a gaban 'ya'yansa. Yau, ba gobe ba, ki kira Inna ki roƙi gafararta. Sannan ki ba Yaya haƙuri a zauren da kika yi masa laifin, a taƙaice, ba tare da kin liƙa wani "amma" a ƙarshe ba. Janye wannan kalmar bai hana ki riƙe ra'ayinki a kan ranar ba.

Bayan haka ki je masa da mafita a hannu. A wasiƙarki ban ga inda wani ya tambayi Inna ba. Fuskoki ta ce tana so ta gani, ba ta zaɓi rana ba. Ki kira ƙanenki da ƙanwarki ki roƙe su su rufe shago Lahadi ɗaya kafin zaɓen. Gara ma a matso da taron kusa, tunda idon ba ya jira. Matar da ta shawo kan kwamiti za ta iya shawo kan mai aski. Ki bar Yaya ya sanar da sabuwar ranar da bakinsa, girmansa ne.

In duk wannan ya ƙi, kin tambaye ni, zan faɗa miki: ki tafi wurin Inna. Na san zai yi miki zafi, karo na biyu ke nan kati zai zauna a jaka. Amma wancan karon hana ki aka yi, wannan kuwa ke kika auna kika zaɓa. Ki faɗa wa abokan aikinki dalili tun yanzu, ki tabbatar kowacce ta san rumfarta. Su ma 'ya'yan wasu ne, za su gane. Wani zaɓen zai zo, in da rai. Likita bai yi wa idon Inna wannan alkawarin ba.

Ki fara da kiran Inna. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya tsakaninki da yayanki, Ya sa ku taru tun tana iya nuna kowannenku da yatsa ta kira sunansa.

Anti