Tsohuwar da Ta Tambaye Ni Ko Na Ci Abinci

Zuwa ga Inna, a Suleja.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da su Rabi'a. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau nake, sai sanyi da shirun Ingila, kuma ana sabawa. In an sami mai tahowa, a aiko mini da yaji.

Maƙwabciyata ce ke takarar kansila, na shiga aikin sa-kai na kiran masu zaɓe a waya. An ce mu isar da saƙo a taƙaice, amma bakina ya ƙi, sai na fara tambayar gida da jiki yadda kika koya mini. Da yawa sun kashe mini waya. Jiya kuwa wata tsohuwa ta amsa da murna, muka daɗe muna hira, har ta ce, "Yaro, ka ci abinci kuwa?"

Inna, tun da kuka raka ni tasha babu wanda ya yi mini wannan tambayar sai ke. Na ce mata na ci, kamar yadda nake ce miki. Ina ajiye wayar na tashi na ɗora tukunya.

Na gode da tarbiyya. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ɗanki,
Siddiq