Zobban Robar da Na Sauya a Ɓoye

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya sa albarka a aikinka. Ni ma lafiya lau, sai gwiwar hagu da ba ta shiri da matakala, da ido da ya fara yi mini gardama in abu ya cika ƙanƙanta. Gwaggonka ta zo wancan watan, ta share gidan kamar za ta feɗe shi, ta yi ta faɗa a kan ƙarafan da na tara a bayan ƙofa, ta tafi. Tun tafiyarta ban ji muryar kowa a tsakar gida ba sai ta rediyo. Tela maƙwabcina ne yake rubuta mini kamar kullum, na kuma gargaɗe shi ya sa magana yadda ta fito, kada ya yi mata kalmasa kamar bakin riga.

Saƙonka ya iso, cewa in kulle shago in taho wurinku, har an gyara mini ɗaki mai taga. Allah Ya yi maka albarka. Na daɗe ban amsa ba, ba don raini ba, sai don ni kaina ban san amsar ba. Gaskiyarka ce, shagon ya zama wurin zama kawai. Yanzu famfo in ya lalace jefar da shi ake yi a sa sabo. Akwai famfo sittin da uku a garin nan da hannuna ya shiga cikinsu, na san wanda aka kafa shekarar da aka haife ka, na san wanda bututunsa ya faɗa rijiya muka kwana biyu muna ƙugiyarsa, amma ba mai tambaya. Tun rasuwar mahaifiyarka nake buɗe ƙofa da safe in jera sifanu bisa tebur daga babba zuwa ƙarama, da yamma in kwashe su ba wadda ta yi datti. Abu ɗaya ne ya riƙe ni, shi ne kuma na kusa ɓatawa da hannuna. Ka yi haƙuri ka ji shi daga farko.

Wata huɗu da suka wuce malamar kimiyya ta makarantar sakandaren da ke bayan tasha ta zo shago. Ta ce tana da yara goma sha biyu da take son su ƙera famfo da hannunsu, su ja ruwa daga rijiyar makaranta zuwa lambunsu, kuma an ce mata ba wanda ya san ruwa kamata. Na ce mata ni ko harafi ban sani ba. Ta ce haruffa suna da su har sun yi musu yawa, hannu suke nema. Haka na fara zuwa kowace Laraba bayan an tashi. Famfon ba wani abin wuya ba ne: garen keke a sama da mariƙi, igiya tana zagayawa ta sauka rijiya ta hau ta cikin bututun roba, an jera mata zobban roba da aka yanko daga tsohuwar taya. In ka juya, zobban su ɗauko ruwa su hau da shi. Sirrin duka yana ga faɗin zoben. In ya yi ƙanƙanta ruwan ya zille ta gefensa ya koma, in ya yi girma ya cije. Malama ta ba su littafi guda, duk abin da suka canza su rubuta, su ƙirga juyi nawa ne ke cika bokiti. Ni dai ban taɓa ganin an gyara famfo da biro ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Larabar nan ta zama mini ranar da nake ƙirga sauran kwanaki da ita. Tun Talata nake wanke riga. Sunayensu ba sa zama a kaina, sai na raɗa musu nawa. Akwai Sarkin Surutu, wanda in da baki ake jan ruwa da ya ƙafar da rijiyar. Akwai wata siririya mai tabarau, ba ta cika magana ba, ita aka ba yankan zobba. Da almakashi take yi, suna fitowa wani kamar ƙwai, wani kamar kunnen akuya, kuma duk sun yi wa bututun kaɗan. Ruwa ya hau, amma sai an yi juyi casa'in kafin bokiti ya cika, rabinsa yana komawa ƙasa ina jin kukansa. Na ce wa Malama in yanka musu, ta ce a'a, Baba, a bar su su gano. Na koma gida abin yana ci na kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya.

Hali zanen dutse. Na wasa bakin wani guntun bututun ƙarfe da magagari, na buga zobba ashirin da guduma, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ranar Asabar da safe na je, maigadi ya buɗe mini don na taɓa gyara masa famfon gidansa, na cire na yarinyar na zuba a aljihu, na sa nawa. A raina alheri na yi. Ashe a Larabar da ta gabaci Asabar ɗin, da za su tashi, Sarkin Surutu ya zuba wa garen mai. Da suka dawo suka juya, bokiti ya cika a juyi ashirin da takwas, sai wurin ya kaure da murna, aka ɗaga Sarkin Surutu sama, aka rubuta a littafi cewa mai ne ya yi aikin. Mako biyu suna gini a kan wannan magana, suna gwada mai iri-iri suna ƙirge, shi kuwa yana yawo yana cewa a riƙa kiransa injiniya. Ina tsaye ina murmushi, na bar su a kan haka. Mai tabarau kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta ce mai yana sauƙaƙa wa hannu, amma ba ta ga yadda zai ƙara ruwan da juyi ɗaya ke ɗaukowa ba. Ta jawo igiyar, ta shafa bakin zobe guda da yatsa, ta ce wannan ba yankan almakashi ba ne. Sai ta ɗago ta dube ni, sauran ma suka juyo.

Malama ba ta kunyata ni a gabansu ba. Ta ja ni gefe cikin ladabi, ta ce in ruwa kawai ake so da an sayo inji, ita yara take so su san dalilin abu, ga shi yanzu littafinsu na mako biyu ƙarya ce a ciki ba su sani ba. Na ce mata shekara hamsin ina aikin nan ba a taɓa kiran famfon da ke ba da ruwa laifi ba sai yau. Na ɗauki akwatina na fito, ba wanda ya biyo ni. Garin neman gira na rasa ido. Laraba uku ban je ba. In lokacin ya yi sai in ji ƙararrawarsu daga shago, in tashi in sake jera sifanun da na riga na jera. Sau biyu ina zuwa wurin Tela don ya rubuta maka cewa ina tafe, in na zauna sai in ɓige da tambayarsa kuɗin zare in tashi.

Wata ranar Alhamis a watan jiya sai ga mai tabarau da mahaifinta, wani direba mai kirki, ya tsaya daga waje. Na zaci haƙuri aka aiko ta ta ba ni, har na gyara zama. Ashe zobbanta ta zo karɓa, wai tana so ta auna ta ga da nawa suka gaza, don littafin ya cike. Ka san ba na jefar da komai, suna cikin gwangwani. Da na miƙa mata ta ce, "Baba, kuskurena ne, ni ya kamata in gano shi." Ta tsaya a bakin tebur tana awo da ma'aunina, ta riƙe shi a karkace, sai na ga hannuna ya miƙe da kansa zai karɓe. A nan na tsaya. Don a daidai wurin nan ka taɓa tsayawa, kana ɗan shekara goma sha huɗu, kana ɗaura noti a kan famfon mai wanki, ya hau a karkace, na zare sifanar daga hannunka ban ce maka komai ba. Ka tsaya kana goge tafinka a wando. Ba sau ɗaya ba ne, na ƙirga a raina har na gaji. Daga baya ka rage zuwa, ni kuma na riƙa gaya wa mutane wai ba ka da hannun ƙarfe, kanka na takarda ne. Mahaifiyarka ta sha ce mini in bar yaron ya ɓata ko guda ɗaya, ina ce mata ƙarfe ba abin wasa ba ne. Ita ce da gaskiya, ga shi ba ta nan balle in gaya mata.

Larabar da ta biyo baya na koma. Ban iya dogon ban haƙuri ba, sai na cire zobbana a gabansu ɗaya bayan ɗaya, na ce ni na sa su, mai bai yi komai ba sai hana ƙara. Sarkin Surutu ya ce to ai an sauke shi daga injiniya ba ko sanarwa, aka yi dariya, abin ya wuce. Aka mayar da zobban yarinyar, famfo ya koma juyi casa'in. Suka yanka wasu manya, igiya ta cije, uku suka taru suka ja ta tsinke, suka zube a kan juna. Jiya sun kai hamsin da ɗaya. Na san faɗin da ake nema ko ido rufe, amma mun yi sharaɗi da Malama: in zauna a kan duro, hannuwana a aljihu, in an tambaye ni in amsa, in ba a tambaya ba in haɗiye. Ban taɓa aiki mai wuya irin wannan ba. Ta kuma sa su riƙa rubuta labarin famfunan garin daga bakina, mun kai na tara.

Saboda haka ba zan taho yanzu ba, sai na ga bokitin nan ya cika da hannunsu, in Allah Ya nuna mini. Ɗakin a bar wa yara su yi karatu a ciki. Abin da ya fi wannan, wanda shi ya sa na zaunar da Tela tun safe ya bar ɗinkinsa: ka yafe mini. Ban san ko kana da hannun ƙarfe ko ba ka da shi ba, don ban taɓa bari mun gani ba. Famfon tsakar gida ya fara ɗiga kwana shida ke nan, na sa masa roba a ƙasa ban taɓa shi ba, ba kuma zan taɓa ba. In ka sami hutu ka zo. Ko ka karya shi, zan zauna in kalla.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, Allah Ya saka mata da alherin tunawa da tsoho. Ka gaishe da Takwara, da Dogo, da amaryata mai giɓi, ka ce mata in ba ta zo ta gan ni ba zan nemi wata. Gwaggonka tana gaishe ku, Tela ma ya ce in sa tasa gaisuwar. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
mai gyaran famfo.