Maganar Kunnen Rumaisa

Taba, Kudan.

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Mu nan mun gode Allah, an gama yankan dawa. Na je Furana makon jiya na duba Inna, ƙafar tata ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda maganar ba ta waya ba ce, gidan nan ko tari ka yi sai an ji.

Yaya, a kan 'yar autata Rumaisa ne, kuma tun da abin ya faru na kasa zama wuri ɗaya. Ka santa tun tana goye bakinta a buɗe yake, ga minshari, ga majina da ba ta ƙarewa. Bana da ta shiga shekara shida sai ta fara ƙin amsa kira. Malamin Islamiyya ya aiko cewa ba ta biya karatu, ni kuma na ɗauka taurin kai ne. Na dake ta, Yaya, ba sau ɗaya ba. Ranar kasuwar Makarfi muna tsallaka titi ta saki hannuna, mai babur yana ta danna oda, mutane suna ihu, ita ko waiwaye ba ta yi ba. Allah Ya tsare, gwiwa kawai ta kuje. A nan na gane yarinyar nan ba ta ji.

Babanta ya kai mu wajen likitan kunne da hanci a Zariya. Ya leƙa kunnen, sai kuma ya koma kan hanci, har na ce masa kunne muka kawo. Ya yi mini bayani cewa akwai wata 'yar hanya siririya da ta haɗa bayan hanci da cikin kunne. Ya ce wani nama ne ya yi girma a can bayan hancinta ya toshe hanyar, ga karan hancin ya ɗan karkace ta ciki, shi ya sa ruwa ya taru a bayan dodon kunnenta. Ya ce ba kurma ba ce, in aka cire naman aka zuƙe ruwan yana sa ran jinta zai dawo, amma in aka bar shi ya daɗe zai iya yi mata lahani. Ya ba mu ranar tiyata, nan da mako uku.

To, surukina Malam Ashafa ya ce ba da yawunsa ba. Ya ce ba za a sa wa jikarsa wuƙa a ba ta maganin barci ba, beli ne kawai, wanzami zai zo ya cire. Na tambayi likita ta waya, ya ce kada mu kuskura, belin ba ruwansa. Babanta ya yarda da likita, amma ka san ba ya iya ɗaga ido a gaban mahaifinsa. Kai ka yi karatu a zauren Malam, yana jin maganarka fiye da ta kowa. Don Allah ka kira shi kafin Juma'a, domin ranar aka ce wanzamin zai zo. Kada ka ce ni na aiko.

Jiya na zaunar da ita, na sa bakina a kunnenta na ba ta haƙuri. Ta dube ni ta ce ita da ta zaci duk gidan raɗa muke yi don kada ta ji, saboda ba ma sonta.

Ka gaishe mini da Anti Hafiza da su Zayyad da Nana Firdausi. Ina jiran kiranka.

Ƙanwarka,
Adama.